Mangwaron da ya ƙi hawa ɗaki

A gidanmu na Ɗanzomo wuri ɗaya ne tak mai laima, bayan ɗakin Kaka, inda take alwala. Rijiyar garinmu kuwa, in ka zura guga da hantsi, sai ka je ka sha fura ka dawo bai taɓa ruwa ba. Don haka babu mai wahalar jan ruwa ya zuba wa itace. Abin da aka shuka a wurin alwalar Kaka shi kaɗai ke rayuwa.

Baba lemun tsami yake so a sa, Inna tana maganar jema don saƙar faifai. Kaka ta ce duk su kama bakinsu, lalle za ta dasa, ta gaji da aikena kasuwar Maigatari ina dawo mata da garin lalle haɗe da yashi.

Ana cikin haka, gab da damina, Kawu ya dawo daga Kano inda ya kai ragowar gyaɗarsa. Ya zo da wani abu ja-ja guda ɗaya, wai shi mangwaro. Aka yanyanka wa mutanen gida, ni aka miƙo mini ƙwallon. Na tsotse shi har ya yi fari kamar gemun tsoho. Tun ranar na raina kanya da magarya.

Na tafi wurin Kaka.

"Amaryata, ki ba ni wurin nan."

"Maigidana mai hannu wofi! Me za ka shuka?"

Na nuna mata. Ta juya shi, ta shinshina, ta kira Kawu ta tambaye shi yadda uwar abin take. Kawu a tallar kasuwa kawai ya gan shi, amma ba zai ce bai sani ba. Ya shafa haɓa ya ce ai abu mai ruwa haka dangin duma ne, yaɗo yake yi.

Kaka ta ce to, a binne shi jikin ɗakinta ya hau jinka, yadda za ta miƙa hannu ta tsinka. "Amma in kaka ta yi bai hau ba, zan tumɓuke shi in sa lallena."

Ya tsiro da ganye ja. Na kafa masa kara, na ɗaura igiya daga wuyansa zuwa jinka. Kabewar Inna ta haye rumbu ta sauko ta ɗaya gefen, tana neman shiga gidan maƙwabta. Nawa yana tsaye ƙiƙam. Na lallashe shi, na zage shi, na yi masa kirari. Kullum Kaka in ta zo alwala sai ta watsa masa ruwa ta ce, "Rago ɗan gidan rago, ka biyo ubangidanka."

Gero ya nuna, Kaka ta sa aka kawo mata reshen lalle, ta jingine fartanya a bakin ƙofa. A ranar wata Bafillatana mai tallar nono ta shigo. Sukan tafi kudu da shanu da rani. Ta ga tsirona ɗaure da igiya a wuya, ta sauke ƙwarya don kada dariya ta sa ta ɓarar.

"Kaka, wa ya ɗaure mangwaro kamar maraƙi? Bishiya ce fa! Ta fi tsamiya. Mu da shanunmu muke shiga inuwarta. A nan kam sai ta ture miki ɗaki."

Kawu ya tuna yana da aiki a gona.

Ni dai na tabbata ta ƙare. Kaka ta dubi fartanya, ta dubi tsakar gidanmu da babu inuwar da za ta ishi kaza.

"Har da shanu?" ta ce.

"Har da shanu, Kaka."

Kaka ta juyo gare ni. "Kai, kwance masa igiyar. Ka kira samarin unguwa."

Muka taru muka ɗaga ɗakin Kaka na kara cak har da jinkarsa, muka matsar da shi wajen danga, tana biye da mu tana cewa mu yi a hankali da tukwanenta. Dutsen alwala ne kawai ta hana a taɓa.

Na ce, "Lallen fa, amarya?"

"Kana da ƙafa. Ran kasuwa za ka Maigatari, kuma in na ga yashi, ganyen abokinka zan daka."