Littafi a Bakin Taga

A makarantar mishan da na yi, mai mummunan rubutu bulala yake sha. Saboda haka da jikata ta zo hutu Bodinga daga jami'a, littafinta na fara dubawa. Layukan sun karkace kamar kunyar gonar rago. Na yi mata faɗa har ta ce gara ta ajiye karatun likitan dabbobin ta huta. Da ta huce ta ce, "Angona, tunda kai gwani ne, zo ka zauna ajinmu rana ɗaya."

Na bi ta. Da sanyin safiya muka isa, amma ɗakin lacca ya cika har ƙofa. A waje ta tsaya, ta ɗora littafin a bakin taga, tana rubuta abin da ya iso kunnenta, ana bangazar hannunta. Mu a zamaninmu kowa da teburinsa.

Da aka tashi, ni na riƙe mata jaka. Bana ta kammala, ita ke duba shanun ƙanena a Shagari. Ina gode wa Allah da faɗana bai kore ta ba.