Ni Na Karanta wa Alhaji Takardar Barin Aikina

Alhaji ya jujjuya takardar, ya miƙo min. "Karanta min, sakarai."

Zamanin jam'iyya ɗaya ne, a shagon atamfarsa da ke Zongon Lome. Shekara huɗu ina masa akawu, ina shan zagi har da mari. Babana ya ce ɗan halak ba ya tafiya babu sallama, sai na rubuta préavis, sanarwar wata guda. Na manta duk shagon ni kaɗai ke jin Faransanci.

Na karanta, har da "cikin girmamawa".

Ya ce, "Ɗauki biro ka ba kanka amsa: ban yarda ba."

Na rubuta tsaf, na karɓi abata. Washegari ban koma ba.

Jama'a, wanda ya mare ka, ya cancanci sallama?