Akuyar Shafin Baya

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, har masu abinci a Samaru suka kife tukwane, ita ce shekarar da na sa benci a gaban teburin jaridata. Ɗalibai sun tafi gida, ciniki ya mutu. Sai mutum ya ba ni na goro, ya zauna ya karanta, ya ninke jaridar yadda ya same ta. Ranar Litinin in mayar wa kamfani a cikin waɗanda ba a saya ba. Duk masu jarida haka muke yi. Ni a lokacin ban iya karatu ba, da launi da hoto nake gane kowace.

Abin da ke tara jama'a shi ne shafin baya na wata jaridar Hausa mai fitowa ranar Juma'a. Mai rubuta shi tsohon malamin firamare ne da ke haya a Palladan. Da bakin akuya yake rubutu, wata akuya mai yawo a kasuwar Sabon Gari, tana cin ɓawon doya tana sauraron manya. Ta taɓa neman kujerar kansila, wai ita ma ta iya ci ta bar kwata a toshe. Mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, sauran na dariya, har 'yan acaɓa su kashe mashin su matso.

Malam yakan zo ya zauna a ƙarshen bencin, bai taɓa gaya musu shi ne ba. Edita yake kirana.

"Edita, nawa ka sayar yau?"

"Malam, an dai karanta."

"To, akuya ta yi farin jini. Saura dusa."

Nakan yi dariya. Amma na ga takalminsa, na kuma san sau nawa mai gyara ya ɗinke shi. Akwai Juma'ar da na jingine bencin na ce sai wanda ya saya. Kafin azahar duk sun tsallaka titi zuwa teburin wani. Washegari na mayar da shi.

Wata Juma'a aka juya shafin baya, sai tallar maganin basir. Jama'a suka yi ta tambayata ina akuya, kamar ni na ɗaure ta. Malam na zaune, ya ce, "An yanka ta." Aka yi dariya, an ɗauka barkwanci ne. Ya miƙe ya kama hanyar Palladan a ƙafa.

Direban da ke kawo jarida ne ya gaya mini dalili. Kamfani ya dubi tulin da ake mayar masa daga Zariya, ya ce shafin a kan Zariya yake, ga shi Zazzagawa ba sa saye, ashe ba sa so. Direban na maganar yana jingine da bencin. Da na ce masa kwafi ɗaya rabin unguwa ke karantawa, da ya kai labari, da kuma sun daina ba ni jarida. Na taya shi ɗaure kaya, ya tafi.

Malam ya ɗan yi koyarwa a makarantar cocinsu, daga baya ya koma ƙauye wurin 'yarsa. Bai sake zuwa Samaru ba, ni ma ban nemi hanyar ƙauyen ba.

Yanzu ina ajin yaƙi da jahilci a Muchia, da yamma, bayan na tashi daga tebur. A hankali nake tafiya, amma ina haɗa layi. Da na fara iyawa na bi tsofaffin abokan sana'a ko wani ya ajiye kwafi. Babu. Waɗanda muka mayar, masu tsire da ƙosai aka sayar wa.

Jaridar ta rasa shafinta na baya, daga baya ita ma ta rufe. Malam ya rasa aikinsa da ɗakinsa na Palladan. Bencin ya rasa mutanen Juma'a. Ni kuma rubutun shekara tara ya bi ta hannuna, ban karanta ko layi ɗaya da idona ba.