Alƙali Hruska Ya Sauya Sheƙa

Wendell Hruska ɗan manomin auduga ne daga kudancin gundumarmu ta Texas, jikan 'yan ci-ranin nan na ƙasar Cek da suka gina coci tun kafin su gama rufa ɗakunan kwanansu. Shi ne na farko a gidansu da ya karanta lauya. Ba wani haziƙi ba ne, amma ba ya shan giya da rana kuma yana zuwa aiki a kan kari, wannan kuwa a cikin lauyoyin garinmu ya isa a yaba mutum.

Ya daɗe yana gabatar da ƙara a ofishin lauyan gunduma. Da tsohon alƙalin kotun ƙananan laifuka ya mutu a kujerar mai aski, Wendell ya nemi gurbinsa a jam'iyyar Dimokurat, don a lokacin babu wata jam'iyya a wajenmu. Ya kayar da mutum biyu a zaɓen fid da gwani. Zaɓe na biyu da na uku babu wanda ya tsaya masa.

Kotun tasa ba ta masu kisan kai ba ce. Mashayan da suka tuƙa mota ake kawo masa, da ɓarayin kanti, da mazan da suka mari matansu ranar Asabar. Bai yi suna da tausayi ba, bai yi suna da mugunta ba. Yana karanta takardun shari'a kafin ya zauna, ya kuma san wanda ɗauri zai gyara da wanda zai ƙara lalatawa.

Kamfe ɗinsa ɗaya ne a shekara. Duk ƙarshen bazara cocinsu na yin biki, dattawa su dafa miyar nama a manyan tukwanen ƙarfe tun asuba, jama'ar kudu kaf su yi layi da farantansu. Wanda dattawan suka miƙa wa ludayin tukunyar farko, shi ne nasu, ba sai an yi jawabi ba. Kawunsa Alois, wan mahaifiyarsa, shi ke da ikon ludayin, kuma tun takarar farko Wendell yake ba wa.

Sai gonakin arewa suka zama unguwanni. Mutanen birni suka cika su, mutanen da ba su san sunan alƙalinsu ba kuma ba su nemi sani ba. Alama ɗaya suke yi a saman takardar ƙuri'a, ta kwashe duk 'yan Rifablikan daga gwamna har mai kai sammaci. A zaɓe na huɗu Wendell ya sha da ƙyar. Alƙalin kotun da ke kusa da tasa ya faɗi a hannun wani da ba a taɓa ganin fuskarsa a kotu ba. Daga nan kujerar ta hana Wendell sakat, don ban da ita ba shi da wata sana'a da yake so.

Royce Tidwell, dillalin filaye kuma shugaban Rifablikan na gunduma, ya gayyace shi cin gasasshen nama.

"Alƙali, ka ga gidajen da nake sayarwa? Kowane gida ƙuri'a biyu, kuma ba taku ba ce. Dawo wajenmu. Ba zan tsayar da kowa ya kara da kai ba."

Da ya kai maganar gida, matarsa Darlene ko ɗago kai ba ta yi daga guga ba.

"Kai da ko wando ba ka iya sauyawa sai na ajiye maka a kan gado, jam'iyya za ka sauya?"

"Mutanenmu ni suke zaɓa, Darlene. Duk inda na je za su biyo ni."

"Ka tambayi Kawu Alois?"

Bai tambaye shi ba. Ya tsaya a matakalar kotu kusa da Royce, aka ɗauki hoto, jaridar gari ta buga.

Ranar bikin coci ya zo da ƙyallen girkinsa ɗaure a ƙugu, ya nufi tukunyar farko. Kawu Alois na tsaye da ludayi a hannu.

"Kawu, kawo in taimaka maka."

"A'a, ranka ya daɗe, manyan baƙi ba sa aiki. Ga faranti, layi daga can ya fara."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "Wendell, hoton ya yi kyau! Royce ne ya saya maka rigar?" Aka yi dariya, har limamin coci ya juya baya yana tari. Wendell ya bi layi da ƙyallen a ƙugunsa. Da ya iso, Alois ya cika masa faranti har yana zuba, ya ƙara masa tsoka, don ɗan ƙanwarsa ne.

"Kawu, a zaɓen fid da gwani na Maris dai ina buƙatarku."

"A Maris? In shiga wancan ɗakin, a gaban maƙwabta, in miƙa katina a buga masa hatimin Rifablikan? Yaro, na kusa mutuwa. So kake a laluba aljihuna a tarar da wannan? Ka kai babban zaɓen Nuwamba, mu dangwala maka a ɓoye."

Abin da Wendell ya manta ke nan, shi da ya san doka. A wajenmu zaɓen fid da gwani ɗaya mutum ke shiga, kuma ana buga masa hatimin jam'iyyar a katinsa. Tsofaffin kudu suna son Wendell, amma ba za su ɗauki wannan tambarin saboda shi ba.

Ranar rufe rajistar 'yan takara, wani saurayin lauya mai suna Brent Calloway ya sa sunansa. Shari'ar filaye ya sani, kuma shi ke zagayawa da jakar karɓar sadaka a sabon katafaren cocin arewa. Wendell ya kira Royce yana huci.

"Ni cewa na yi ba zan tsayar da kowa ba, Alƙali. Shi ya tsayar da kansa. Ƙasar 'yanci ce."

Wendell ya bi unguwannin arewa gida-gida da gwiwoyinsa marasa lafiya. Inda aka san shi, ɗan Dimokurat mai neman mafaka ake kiransa. Inda ba a san shi ba, kare ne ke amsa masa. A Maris Brent ya yi masa kaye mai muni. A rumfunan zaɓen kudu, inda sunan Hruska ke kan rabin kaburbura, ƙuri'un da ya samu ba su cika aljihu ba.

Doka ta bar shi a kujera har ƙarshen Disamba. Lauyoyin da da suke miƙewa tun daga nesa suka koma neman a ɗage musu shari'a zuwa Janairu. A Nuwamba Brent ya wuce babu hamayya, don Dimokurat ba su tsayar da kowa ba. Da Wendell ya zauna inda yake, mai yiwuwa ya faɗi duk da haka. Babu wanda ya sani, shi ma bai sani ba, kuma wannan ne ya fi cin sa.

Bai iya zaman gida ba, Darlene ma ba ta iya jure zamansa a gidan ba. Ya koma kotun a matsayin lauyan da ake ba wa marasa galihu. Kullum da safe yana miƙewa tsaye idan Brent ya shigo da baƙar rigar alƙalai.

Wata Litinin aka haɗa shi da wani direban motar shanu da aka kama a buge. Wendell ya roƙi a ɗan ɗage shari'ar, don mai shaidarsa na asibiti.

"Kotu ba ta amince ba, Lauya Hruska. Mu ci gaba," in ji Brent, idonsa a kan agogo.

Direban ya sunkuyo yana raɗa. "Alƙali, da kai ne a can sama da ka ɗage mana. Wallahi mu duk kai muke so."

"Ka zo ka yi zaɓe a Maris ɗin?"

"A wancan ɗakin? Haba, Alƙali, uwata ai sai ta kore ni."

"To cire hularka ka miƙe," in ji Wendell. "Mai shari'a na magana."