Jabanar Ƙanwata

Ni na fara dasa murhu a gindin darbejiyar da ke bakin hanyar Wad Haddad, inda motocin Madani ke sauke ma'aikatan gona. Shekara uku ina sayar da shayi da jabana, kofin nan namu mai citta, kafin auren ƙanwata ya mutu, Inna ta ce in matsa mata ta zauna kusa da ni. Na matsa. Ni na koya mata yadda ake soya 'ya'yan kofi kada su ƙone.

Ba a yi damina biyu ba bencinta ya cika, nawa kuwa sai tsofaffi biyu masu tsotsar kofi ɗaya har azahar. Masu yankan dawa suna wuce ni da sallama su tsuguna gabanta. Wai jabanarta tana kashe gajiya, mutum ya wuni sunkuye bai san yana da baya ba. Inna kullum sai ta faɗa wa baƙi cewa hannun autarta akwai albarka. Ni dai ban taɓa jin an ambaci nawa hannun ba, alhali shi ke wanke mata kaya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, haushin da har abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata safiya ina kwashe toka na ga ledar ƙwayoyi rabi a ƙone a murhunta. Taramol ce, wadda wani mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, ke kawowa. Daka ta take yi tana barbaɗawa a butar masu zuwa gona. Na mayar da tokar na rufe. Na ce a raina ramin ƙarya ƙurarre ne, bari mu ga ƙarshen albarkar.

Ƙarshen bai zo yadda na so ba. Wani magidanci daga ƙauyen gaba ya sha kofi uku bai karya ba, jijjiga ta kama shi a kan gadar tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, ya faɗa kan siminti. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Likita ya faɗi abin da ya gani a jininsa, 'yan sanda suka zo suka tafi da buta da mai buta.

Mu abin da muka sani shi ne sulhu. Dattawanmu suka ɗauki rago da goro suka je wurin mahaifin mutumin, suka tuna masa kakanninmu tare suka baro Sakkwato. Tsohon ya yi kuka ya yafe, aka shafa fatiha. Inna har ta share ɗakin ƙanwata ta turara shi. A kotun Madani alƙali ya saurari dattawan da ladabi, sannan ya ce yafiyar ta sauke haƙƙin mutumin ne kawai. Ba wa mutane wannan ƙwaya laifi ne ga hukuma, ba mai yafe shi, balle an nakasa mutum. Da ya faɗi shekarun ɗaurin, Inna ta sulale ta zauna a ƙasa.

Gindin darbejiya ya zama nawa ni kaɗai. Duk ranar ziyarar gidan yari kuma ni ke tashi in yi kisra, wainar dawan nan tamu mai laushi, in soya kazar da ban taɓa ganin an yanka domina ba, in ɗauko ƙunshin muna tafe Inna tana ce mini in yi a hankali kada miya ta zube.

A ziyara ta uku ƙanwata ta riƙe wayar shingen da ke tsakaninmu tana kuka.

"Yaya, ke kin gani tun ranar toka. Na ga kin gani. Da kin tsawata min da na bari."

Inna ta juyo ta dube ni, irin kallon da na shekara arba'in ina jira ta tsaya ta yi mini.

"Ashe kin sani?" ta ce. "Kin sani kinka ƙyale min ɗiya?"

Muka shiga motar komawa. Kwanon da ƙanwata ta ci ta rungume a cinyarta har gida, ko riƙe mata shi ba ta bari na yi ba.