Baba a Ƙarshen Hanya

Shekarar da aka ba ni darasin zane na ajin ƙarshe a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Kazaure, manhaja ta ce sai na koya musu aikin masu zanen Italiya na zamanin da littafi ke kira Renesans. Littafin kuwa ɗaya ne tal a makarantar, shi ma kwafin kwafi ne. Hotunan cikinsa sun yi baƙi ƙirin, har wata ɗaliba ta tambaye ni ko su ma Italiyawan ana ɗauke musu wuta.

Na ga idan na biye wa littafin nan ba inda za mu je. Sai na ɗauko abu guda da mutanen suka yi fice a kai, wato dokar nesa da kusa: abin da ke kusa da kai ka zana shi babba, na nesa ƙarami, gefunan hanya kuma su yi ta matsewa har su haɗu a ɗigo ɗaya. Na roƙi shugabar makaranta ta bar ni na fita da su bakin titin da ya nufi Roni. Na nuna musu turakun lantarki, na ce kowacce ta miƙe hannu da fensir, ta rufe ido ɗaya, ta auna na kusa da na can. 'Yan acaɓa na wucewa suna waiwayenmu, aji guda kowa da ido ɗaya a rufe. Nan take suka gane, ni kuma na koma ofis ina ji da kaina.

Aikin da na ba su mai sauƙi ne: hanya, da mutum a kusa, da mutum a nesa. Da na karɓi takardun sai na ga turaku sun bi doka, bishiyoyi sun bi, jakuna ma sun bi. Mutane ne suka ƙi. Wata ta sa mai garinsu a can ƙarshen hanya, ya fi masallaci tsawo. Wata ta sa kakarta ta kere rumbu. Wata mai wayo ni ta zana, kaina na taɓa gajimare. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, amma jan biro na ba ta. A wurinsu babba babba ne ko yana ina, yaro kuma ko a kan hancinka yake, ƙarami ne. Na yi faɗa, na yi bayani, na sake yin faɗa, cikin mako biyu duk suka sauko.

Saura ɗaya. 'Yar wata ruga ce daga wajen Gwiwa, kuma duk ajin ba mai hannunta. Idan ta zana saniya sai ka ji kamar ka kauce mata. Burinta ta karanta zane a kwaleji, wannan aikin kuwa yana cikin waɗanda mai jarrabawa daga waje zai zo ya duba, idan ta faɗi a nan burin ya rushe. Ta zana hanyar gonarsu, ƙanenta a gaba riƙe da akuya, mahaifinta can nesa yana tahowa da fartanya a kafaɗa, tsayinsa ɗaya da kukar da ke gefensa. Sau uku ina mayar mata, sau uku tana dawo da shi haka, sai dai kukar ta ƙara kyau.

Na ce mata to ta dawo da shi gaba mana, ya yi girmansa cikin doka, kowa ya huta. Ta ce ai ƙarya ce za ta zana, domin shi ne kullum na ƙarshen barin gona, su suna ƙofa suna jiransa. Raina ya ɓaci, na ce mai jarrabawa bai san mahaifinta ba, layi kawai ya sani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ya za a yi ƙanena ya fi Baba girma, kuma da hannuna?"

Ranar ziyara mahaifin ya zo da ƙullin ƙuli-ƙuli da nono a jarka. Na ce yau na samu mai raba mu. Bayan mun gaisa, gaisuwa mai tsawo har da shanu, na shimfiɗa masa zanen na zayyana masa laifinta. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce shi bai ga aibu ba, yarinya ta nuna tarbiyya, sai dai ƙotar fartanyar ta yi gajarta. Ya yi mini godiya ya miƙe. Ban taɓa shan kaye cikin ladabi irin na ranar ba.

Ta raka shi bakin ƙofar makaranta, ni ma na biyo baya don kada a ce ban yi sallama ba. Bai samu abin hawa ba, sai ya kama hanya a ƙasa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ta tsaya tana kallonsa ya wuce turke na farko, na biyu, na biyar. Maganar dokar nesa da kusa ta zo mini har baki, na haɗiye ta, kuma wannan ne abu mafi hankali da na yi a duk zangon. Can na ga ta ɗaga ɗan yatsa a hankali ta rufe ido ɗaya. Da ta sauke hannun, idanunta sun ciko. Ni ma tausayinta ya kama ni, har na ji haushin Italiyawan gaba ɗaya.

Kwana huɗu ba ta kawo komai ba, fensir kawai take zuwa aron reza ta feƙe. Ana gobe mai jarrabawa zai zo ta ajiye takardar a teburina. Hanyar ta matse daidai, ƙanen da akuyarsa sun cika gaba, mahaifin kuma yana can ƙarshe bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ce madalla, na ɗauko biro. Sai na matso da takardar kusa da fuskata. A cikin ɗan wurin nan akwai malafarsa da igiyarta, da layar da ke wuyansa, da facin da ke kafaɗar rigarsa, da ƙafar hagun da ba ta taka ƙasa sosai. Ƙotar fartanyar ma an ƙara mata tsawo. Ƙanen da ke gaba kuwa layi biyar ne da ido.

Na tambaye ta me ya sa ta ƙarar da kwana huɗu a wurin da mai jarrabawa ba zai gani ba sai ya sa tabarau.

Ta ce, "Malam, kun ce dole ya zama ƙarami, na yarda. Amma ba abin da zan rage masa."