Ɗingishin Inna

Har yau idan na ji an ce "ɗingishi" sai raina ya ɓaci. Shekaru sun wuce amma ban huce ba, kuma cikin waɗanda ban yafe wa ba har da ni kaina.

Ni ɗiyar wani ƙauye ce a ƙasar Korgom. Da na samu shiga jami'a a birni sai na zaɓi karatun zane mai motsi, irin hotunan nan da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, a jera su da sauri har ido ya ga suna tafiya. Da Faransanci ana ce masa animasiyo. Ranar da na faɗa a gida Baba ya ɗaure fuska, don shi animasiyon da ya sani ita ce ta masu zuwa da mota su tara mata ƙarƙashin gawo suna koya masu wanke hannu. Inna ce ta ce a ƙyale ni. Ita ma ba ta gane ba, amma ta ce a ƙyale ni.

A shekara ta uku muna da darasin ranar Laraba da ake kira seminer. Ba mu da yawa, tebur ɗaya ya ishe mu, malaminmu, da muke kira mushe, yana zaune a can kai da tabarau. Rabin darasin nazarin hoto ne: wa ke kallo, wa ake kallo, wa ke riƙe da kamara, me hoto ya ɓoye. Wallahi na so wannan karatu, ya buɗe mani ido. Ɗaya rabin kuma kowa zai yi ɗan fim na minti guda, a haska, a tattauna. Wannan fim shi ne makinka na shekara. In ya faɗi, ka maimaita aji.

Ni Inna na zaɓa, tana shuka.

Wanda bai taɓa shuka hatsi ba, bari in gaya masa. Namiji yana gaba da sungumi, yana sara rami a kowane taku. Mace tana biye da ƙoƙon iri. Ta tsinci iri da yatsu uku ta jefa a rami, ta share rairayi da gefen ƙafar dama, sannan ta danna da diddige ta ɗan murza, ta wuce. Ba ta duƙawa, ba ta tsayawa, ba ta ma kallon ƙasa. Wannan murzawar ita ke hana kurciya da iska su kwashe irin. Tun ina shekara bakwai nake bin bayan Inna ina yi, har ƙafata ta iya ba tare da na yi tunani ba.

Da ruwan shuka ya sauka na gudo gida, mota zuwa Tasawa, daga nan kabu-kabu. Kwana biyu na yi a gefen gona da kaye, wato littafin zanena, da fensir, ina zana ƙafar Inna. Tana ta yi mani tsiya: "Ke, mutane na shuka kina zaune awa baƙuwa!" Na koma birni na yi sati biyar a kan takardun nan. Hoto goma sha biyu ne daƙiƙa ɗaya. Na zana diddigen nan sau ɗari nawa, Allah kaɗai ya sani, har ɗan yatsana ya yi kanta. Amma da na jera su, sai ga Inna tana tafiya. Ita ce sak, har yadda kafaɗarta ke sauka.

Ranar Laraba aka haska. Minti ɗaya ya ƙare. Mushe ya cire tabarau ya ce, "Elle boite." Wato tana ɗingishi.

Na ce, "Mushe, ba ɗingishi ba ne..."

Ya ɗaga mani hannu. Ya tashi ya je allo ya zana mani yadda mutum ke tafiya: ƙafa ta taɓa ƙasa, jiki ya sauka, ƙafa ta wuce, jiki ya tashi, dama da hagu daidai wa daida. Ya ce, "Madmazel, wannan darasin shekarar farko ne. Ƙafar damarta ta fi ta hagu nauyi. Ko dai ba ki iya ba, ko kina so ki nuna gurguwa."

Kafin in buɗe baki wata ƴar birni ta cafe. Wai ita ta gane, ai ɗingishin alama ce, yana nuna wahalar macen ƙauye da nauyin da aka ɗora mata. Wani ya ce a'a, ai wannan shi ne laifin fim ɗin, ana sayar wa Turawa hoton talaucinmu. Suka kama, wannan ya jawo littafi, wancan ya jawo littafi. Minti arba'in cur suna gardama a kan gurguntar uwata! Matar da ke shuka gona guda kafin su gama shan shayin safe. Kai, jahilci da Faransanci ya fi kowane jahilci ciwo.

Amma duk ba su ne suka fi ƙona mani rai ba. Akwai wani ɗan ajinmu, ɗan Attantane, can ƙasar Mayahi. Ɗan manoma ne kamata, faso a ƙafarsa ko takalmi bai ɓoye shi ba. Na kalle shi, ya kalle ni. Ya san abin nan sarai, uwarsa ma haka take yi. Da mushe ya tambaye shi ra'ayinsa, sai ya gyara murya ya ce shi yana ganin jikin matar ya zama fagen gwagwarmaya. Fagen gwagwarmayar uwar wa? Munafuki!

To ni fa? Nan ne gizo ke saƙa. Tsakanin tebur da allo akwai fili. Da na cire takalmi na yi taku huɗu, da zance ya ƙare. Ƙafata har motsi take yi ƙarƙashin tebur. Amma na tuna yadda suke dariya in an ce wane baƙauye ne, na tuna shekara uku da na yi ina gyara bakina don kada a ji ƙauye a ciki. Ban tashi ba. Mushe ya ce ya ba ni sati biyu in gyara tafiyar, in ba haka ba mu haɗu baɗi.

Na gyara. Da hannuna na sa gom, abin goge fensir, na bi takarda ɗaya bayan ɗaya ina goge diddigen Inna. Na daidaita mata ƙafa, dama da hagu, yadda aka zana a allo. Ina gogewa ina zagin mushe, ina zagin ɗan Attantane, amma hannun da ke gogewa nawa ne. Da aka sake haskawa mushe ya ce, "Voilà!" Ya ba ni maki mai kyau, har ya ce a nuna wa ƴan ajin baya.

Ban so Inna ta gani ba. Amma da na je hutu ta tsare ni a tsakar gida bayan la'asar, tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, don a daminar nan gwiwarta ta fara ciwo, har gona ba kullum take zuwa ba. Ta ce, "Ina abin da kika zauna kina zanawa mutane na aiki? Nuna mani."

Na kunna a salula na miƙa mata. Ta kalla har ƙarshe. Ta ce in maida. Ta sake kallo, ta kawo wayar kusa da ido.

"Wannan wace ce?"

Na ce, "Ke ce, Inna."

"Ni? Allah ya sawwaƙe! Dubi hwa, tana zuba iri tana tahiya, rami a buɗe. Wannan ai kurciya take ciyarwa. Ni ban taɓa barin rami a buɗe ba, ko ranar da na haihe ki."



Ta ɗago ta dube ni. "Ke kika zana da hannunki?"

"Ni ce."

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ajiye wayar a kan tabarma a hankali ta ce, "Ashe kin manta. Ba laihinki ba ne, kin daɗe a birni."

Sai ta dafa bango ta miƙe, ta ɗebo hatsi a ƙoƙo. Na ce ta zauna saboda gwiwar, ta ce in rufe mata baki. Ta taka zuwa tsakiyar gida, yanzu kam da ɗingishin gaske, ina ganin yadda take cije leɓe. Ta tona ramuka huɗu da babban yatsa. Ta jefa iri, ta share, ta danna, ta murza.

"Kin gani? Diddige. Zo ki gwada."

Na cire takalmi. Ƙafata ta san abin nan fiye da sunana. Amma in na yi daidai, sai in gaya mata cewa ina sane na goge. Don haka na yi na farko a karkace, da gangan.

Ta yi dariya ta ce, "Sannu a hankali, ɗiyata. Sake."